Gangar da Na Kai Doha

Mun tashi daga Malumfashi da asuba, ana idar da salla, ni da abokin tafiyata, wani ɗan kasuwa maƙwabcinmu da zai je kallon ƙwallo. Shi 'yar jaka ɗaya ya rataya. Ni kuwa ban da jakar tufafi ina rungume da ganga, na naɗe ta da barguna na ɗaure da igiya. Direba ya ce a ɗora ta saman mota, na ce sai dai a ɗora ni. Haka na biya mata kujera, ta zauna kusa da ni kamar amarya har Kano.

Da yawa daga cikinku kun tambaye ni abin da ya kai tsoho irina Qatar ana tsakiyar Gasar Kofin Duniya, alhali Najeriya ma ba ta samu zuwa ba. To ba ƙwallo ce ta kai ni ba, wasan kwaikwayo ne. Muna samari muna da ƙungiyar wasan dandamali a garinmu. Abokina marigayi Garba Tela shi ke tsara wasa, ni ke kiɗa. Mafi kyau cikin abin da ya tsara shi ne Rijiyar Unguwa Biyu, labarin unguwanni biyu da ke rigima a kan rijiya ɗaya. Kusan duk maganar cikinsa da waƙa ake yin ta, kuma ganga ce ke gaya wa kowa lokacin da zai shiga. Ranar da za a nuna shi a ɗakin taro na gari, Garba ya ce in zauna bayan labule don kada in tare 'yan wasa. Na ce ni ba a ɓoye ni. Na saɓi gangata na fice, mutane suna shigowa. Suka yi ƙoƙarin yi da tafi, waƙoƙin suka watse, 'yan kallo suka yi ta dariya a inda ba na dariya ba. Daga ranar Garba ya koma kan kekensa na ɗinki, ba a sake yin wasan ba. Muka ci gaba da gaisawa har muka tsufa, ba mu taɓa tayar da maganar ba.

A shekarar korona Allah ya yi masa rasuwa. Babban ɗansa Nasiru yana aikin gadi a Doha, jirage a rufe, bai samu zuwa jana'iza ba. Ashe duk waƙoƙin nan yana da su a ka, tun yana ƙarami yake jin uban yana rera su a kan keke. Lokacin kulle, da shi da abokan aikinsa suka riƙa rera su a ɗaki don rage zaman kaɗaici. Da gari ya buɗe suka ce sai sun ɗora wasan a dandamali. Shi ne Nasiru ya kira ni ya ce, “Baba, ba mu da ganga, kuma ba wanda ya san kiɗan sai kai.” Wani injiniya ɗan Zariya da ke zaune can ya ɗauki nauyin tafiyata.

Hanyar Dayi zuwa Gwarzo ba laifi, sai dai ramuka da shingayen jami'an tsaro. Kowane shinge sai an leƙo an tambayi abin da ke cikin bargo. A Gwarzo muka tsaya, abokin tafiyata ya ci ƙosai har da ƙari, ni koko kawai na iya sha. Duk gidan man da muka wuce layi ne kamar ba zai ƙare ba. A filin jirgin Kano aka ce ganga ba za ta shiga tare da ni ba, sai ƙasan jirgi wajen kaya. Na roƙa, na yi magiya, suka manna mata wata jar takarda suka tura ta, ina kallo har ta ɓace. Karona na farko ke nan a jirgin sama, amma ban ji tsoron tashi ba. Tunanina duk yana ƙarƙashin ƙafata, ko an ɗora mata akwati. Ga shi abokin tafiyata ya ƙara mini, ya ce ya ji 'yan kwastan na can ba sa barin fatar dabba ta shiga.

Muka sauka Doha da hantsi. Filin jirgin nan gari guda ne, ƙasa tana sheƙi har mutum ya ji nauyin taka ta. Ganga ta fito lafiya. A wajen bincike wani jami'i mai farar jallabiya ya sa na kwance barguna. Ya duba, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ce, “Senegal?” Na ce Najeriya. Ya yi dariya, ya faɗi wata magana, abokin tafiyata ya fassara mini: wai ganga ta zo, 'yan wasa ba su zo ba. Ya ce, “Yalla,” wato mu tafi, muka wuce. Ashe a kwanakin kowa da gangarsa yake shigowa.

Nasiru yana jira a waje. Da na hango shi sai da na tsaya, tsayin Garba, tafiyar Garba. Ya durƙusa ya gaishe ni a tsakiyar jama'a, ya karɓi jakata, ganga kuwa na hana shi. Abokin tafiyata ya nufi masaukinsa, mu muka shiga mota zuwa Al Gharrafa, gidan injiniya. Tituna shimfiɗe, ko'ina tutoci, ba mai danna oda. A hanya Nasiru ya juyo ya ce:

“Baba, akwai magana ɗaya. Zauren da za mu yi wasan na rukunin gidajen da nake gadi ne, ni ne shugaban masu gadin rana. Da sunana manaja ya ba mu aro. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba wuta, ba hayaƙi, ko turare. Idan ƙararrawa ta kaɗa har 'yan kwana-kwana suka zo, khalas, shi ke nan, kafil, wato uban gidan da ya ɗauke ni aiki, zai sallame ni in dawo gida.”

Na san mahaifiyarsa da ƙannensa duk a kan albashin nan suke. Na ce, “Haba Nasiru, ni me ya haɗa ni da wuta?” A ranar da yamma na shiga wani ɗan kanti na sayi ashana, don makaɗi ba ya yawo babu ita. Ko kaɗan raina bai haɗa maganar biyu ba.

Kwanakin farko na ɗan zaga. Na shiga jirgin ƙasansu wanda ba shi da direba, na zauna can gaba ina ta neman wanda zan yi wa sannu da aiki. A kasuwar Al Mirqab na tambayi kuɗin wata riga, da aka juya mini shi zuwa naira sai na ajiye ta a hankali kada ta ji ciwo. Abin da talaka zai iya shi ne shayin karak, mai kauri da madara, kofinsa riyal ɗaya. Shinkafarsu da nama tana da daɗi amma ba ta san yaji ba. Da na je Mu'aither, inda 'yan wasan suke kwana kuma suke gwaji, sai ga tuwon semo da miyar kuka a babban faranti, kowa da yajinsa daga gida a leda. Masu gadi ne da direbobi, 'yan Kano da Sakkwato da Jos, sai wasu mata ma'aikatan jinya da suka ɗauki waƙar masu ɗiban ruwa. Cikinsu akwai Yakubu, direba ɗan zangon Kumasi, ƙaton mutum mai yawan dariya. Shi ne ya riƙa yi musu kiɗa da jarka tun lokacin kulle. Kullum sai ya tsokane ni: “Baba, mu Ghana mun zo, ku kuna ina?”

Ranar Laraba injiniya ya kai mu kallon wani sabon wasa mai waƙa a babban gidan wasa, ni da Nasiru da Yakubu. Duk wanda ya samu dama ya kalli irin wannan kafin ya mutu. An buɗe labule sai ga jirgin ruwa na katako a kan dandamali, da haske aka yi teku har tana motsi. Labarin masu nutso ne neman lu'ulu'u a zamanin da, wata uwa tana jiran ɗanta a bakin gaɓa. Ban ji Larabcin ba amma ban rasa komai ba. Maza suna jan igiya suna amshi da murya mai kauri, tafinsu kala-kala kamar saƙa. Inda na fi sa ido shi ne makaɗansu, suna zaune can gefe cikin duhu, ba mai haska su, kuma ba su damu ba. Na lura suna kara gangunansu jikin wata 'yar hita ta lantarki kafin su buga. Yakubu ya taɓa ni ya ce, “Baba ka gani? Hita ma yana yi.” Na ce, “Fata wuta take so, mai harshe. Kai da ka koya a jarka me ka sani?” Ya yi dariya, amma ya kau da kai ya mai da ido kan dandamali.

Ranar Alhamis muka yi gwajin ƙarshe a zauren. Na kwance ganga, na sa gula, na ba da kiɗan buɗe wasa. Nasiru ya juya baya yana share ido. Da aka tashi Yakubu ya miƙo hannu zai taɓa ta, na ce wannan ba jarka ba ce. Nasiru ya ce in bar ta a zauren ta kwana, babu mai taɓawa. Na yarda. Ban yi tunanin na'urar sanyaya wurin ba a kashe ta ba.

Juma'a ta waye da hadari, ana yayyafi, abin da suka ce ba kasafai ake gani ba. Bayan la'asar muka isa. Na ɗauki ganga na buga, sai ta amsa kamar an doki katifa. Fatar ta sha sanyi ta saki. A gida da sai in shanya ta a rana, ko in kunna kara in gasa ta. Nan babu rana. Mutane sun fara shigowa, mata da yara, likitoci, malaman jami'a, masu gadi da suka roƙi hutu. Ina jin kujeru suna cika. Yakubu ya zo ya ji amon, ya ce, “Baba, kawo in kai mota, in kunna hita.” Na ce a'a. Na ce ya je ya yi abin da ke gabansa.

Bayan dandamali akwai wani ɗan lungu da ake ajiye kujeru. Na sami kwali na yayyaga, na sami farantin ƙarfe da aka kawo shayi a kai. A raina wannan ba ita ce wutar da Nasiru yake nufi ba. Wuta ita ce gobara. Wannan gasa ganga ne, abin da na yi tun ban da gemu. Na ƙyasta ashana, na tsuguna, ina juya fatar a kan harshen wutar ina ƙwanƙwasawa. Murya ta fara dawo mata. Sai na ga wani farin abu a jikin silin yana ƙifta jan ido.

Ban gama ɗaga kai ba Nasiru ya faɗo lungun da gudu, rediyon hannunsa tana ta ihu. Ya tattake wutar da takalmi, ya buɗe ƙofar baya da ƙafa, yana magana cikin rediyon da Turanci. Daga baya na fahimci cewa na'urar gane hayaƙi ce, tana fara kuka ne a ɗakin masu gadi, ana ba su ɗan lokaci kaɗan su duba. Idan lokacin ya wuce, babbar ƙararrawa ce za ta tashi, a kwashe kowa, motocin kwana-kwana su taho. Muka tsaya muna kallon jan idon nan. Yakubu ya cire rigarsa yana kora hayaƙi waje. Ba wanda ya kalle ni. Can idon ya daina ƙiftawa.

Amma manaja ya riga ya ji. Ya zo da sauri, gajeren mutum mai furfura a gemu, ya dubi toka a faranti, ya dubi Nasiru, ya miƙa hannu. Nasiru ya cire katin aikinsa daga wuya ya ba shi. Manaja ya ce, “Khalas,” ya nuna zauren, ma'ana a sallami mutane. Injiniya ya iso yana ba shi haƙuri da Larabci. Na ce wa injiniya, “Gaya masa ni na kunna. Yaron nan ya gargaɗe ni tun a mota. Bai sani ba, ba ya wurin.” Ya fassara. Manaja ya tambayi dalili, aka nuna masa ganga. Ya daɗe yana kallona, kamar yana tunanin wani tsoho nasa. Sannan ya yanke: wasa zai iya tafiya tunda jama'a sun taru, amma wanda ya kunna wuta ba zai ƙara minti ɗaya a cikin ginin ba. Maganar Nasiru kuwa sai ranar Lahadi a ofis. Ya sa katin a aljihu.

Na miƙe. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya kai ga maratayin ganga ba, na saɓa ta a kafaɗa kamar yadda na saba. Na yi taku biyu zuwa ƙofa sai na ji shirun da ke bayana. Na juya. 'Yan wasa duk sun taru a bakin lungun cikin kayan wasansu, mata riƙe da tuluna na roba. Nasiru yana tsaye, hannayensa a sake. Haka ubansa ya tsaya.

Na sauke ta na rataya wa Yakubu a wuya, na danƙa masa gula.

“Kai ta ga hitarka. Kada ka matsa ta da yawa, kana juyawa kana ƙwanƙwasawa.”

“Baba, ni jarka na sani.”

“Ka ji ni jiya. A waƙar mata kada ka yi gaggawa, bar su su ja numfashi. Yalla.”

Na fita ta ƙofar baya aka rufe. Wani mai gadi ɗan Nepal da aka sa ya tsare ni ya kawo mini kujerar roba ƙarƙashin rumfar motoci, daga baya ya ƙara da kofin karak. Yayyafi yana sauka. Na ga Yakubu ya fito da gudu zuwa motarsa, ya daɗe a ciki, ya koma rungume da gangar. Jim kaɗan sai na ji kiɗan buɗe wasa ta jikin ƙofa. Muryarta ta dawo sarai. Hita ma tana yi.

Hannun Yakubu yana da nauyi, kuma a waƙar mata sai da ya yi gaggawar da na hana shi. Na sami kaina ina buga gwiwata ina cewa a hankali, a hankali, ɗan Nepal yana kallona. Amma matan suka riƙe, shi ma ya dawo hanya. Na ji muryar Nasiru a matsayin mai unguwar gabas. Na ji an yi dariya a daidai inda Garba ya so a yi dariya, lokacin da unguwannin biyu kowa ya ɓoye gugansa har akuyar liman ta faɗa rijiyar. Da aka zo waƙar ƙarshe, inda suke haɗa igiyoyinsu don a ciro ta, sai na ji 'yan kallo sun karɓi amshi. Tafi ya daɗe bai tsaya ba. Ni kaɗai na tafa a waje, sai ɗan Nepal ya taya ni.

Asabar ban iya cin abinci ba. Maroko ta ci wasa, gari ya kacame da tutoci da oda har bakin teku, abokin tafiyata ya kira ni muryarsa a dushe, ni ina zaune a falon injiniya ina lissafin fuskar da zan kai wa matar Garba idan ɗanta ya biyo ni gida. Ranar Lahadi da azahar Nasiru ya shigo, katinsa a wuya. An ba shi gargaɗi, an sauke shi daga shugabanci zuwa tsaron ƙofa na wasu watanni, amma aiki yana nan. Na fara ba shi haƙuri, ya tare ni ya ce, “Baba, an yi wasan.” Bai ce “ba komai” ba, kuma na ji daɗin da bai faɗa ba, don akwai komai. Tsaron ƙofa cikin zafin ranar Doha ba wasa ba ne, ni na jawo masa.

Mun dawo ta Kano, jakata ɗaya kamar ta abokin tafiyata. Direban Malumfashi ya tambaye ni ina amarya, na ce ta tare a can. 'Yan wasan sun ce za su sake yin shi bayan ƙaramar salla, don haka wanda yake Doha ya neme su, ya cancanci kallo, ko da yake ni ji na yi, ban gani ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na ɗauka girman kai ya bar ni tun da gashina ya yi fari, ashe tsufa kawai ya yi tare da ni. Kuma abin da ka saba yi a gidanku har ka daina ganinsa, a gidan wani yana iya cin abincin bakin mutum.

Washegari na je gaida matar Garba. Nasiru ya turo mata hoton bidiyon wasan a waya, ta ce ba ta buɗe ba tana jira in zo. Muka zauna a tabarma a tsakar gida, kusa da ɗakin da keken ɗinkin yake har yanzu. Aka kunna. A nan na fara ganin Rijiyar Unguwa Biyu da idona. Ta saurara har waƙar mata ta wuce, sannan ta ɗago kai.

“Malam Sule, wannan ba hannunka ba ne.”

Na ce, “Ba hannuna ba ne, Hajiya.”

Ta kara wayar a kunne.

“Amma gangarka ce.”

“Ita ce. Wannan karon ta tsaya har aka tashi.”